Ɗigon Tarbo Ranar Arba'in

Ranar da 'yar Mawahib ta cika arba'in, Gogo ta shiga mota tun rana ba ta yi zafi ba. Ta naɗa farin tob ɗinta, dogon mayafin da matan nan ke lulluɓa, ta ɗora ƙullin dabino da gero a cinya, ta zauna a gaban boksin Baba, wato a-kori-kurarsa, ta ce ba mai sauko da ita sai a Alhilla Kuku. Gogo kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Mawahib kuwa yayata ce, can take aure a ƙetaren kogi. Mu muna Umbadda, kuma tun da muka dawo daga gudun yaƙi motar ba ta taka titi ba.

Al'adar da za ta kai mu ba daga ƙasar Hausa kakanninmu suka zo da ita ba. A nan suka tarar da ita wurin maƙwabta, suka riƙe. Idan mai jego ta yi arba'in, mata kan raka ta bakin Nilu kafin rana ta faɗi, a watsa dabino da hatsi cikin ruwa, babbar mace a dangi ta wanke wa jariri fuska. Gogo ce ta wanke mini, ita ta wanke wa Mawahib, ita ta wanke wa 'ya'yan ƙannen Baba. Wannan yarinya, Nuha, ita ce tattaɓa-kunnenta ta fari. Mawahib ta faɗa mana a waya cewa surukarta ta yarda a jira Gogo, amma idan rana ta yi ja ba mu iso ba, ita za ta yi wankin. Gwiwoyin Gogo ba sa hawan motar haya, raksha kuma, 'yar mai ƙafa ukun nan, ba ta ƙetare gada. Boksin nan kaɗai muke da shi, kuma ni na ce zai kai ta.

Ina da dalilin faɗar haka. Lokacin da yaƙi ya iso unguwarmu, masu bindiga na bi gida gida suna kwashe duk motar da ta tashi. Baba mai agashe ne, wato tsiren ƙasar nan, nama da ƙuliƙuli da yaji ya sani, bai san cikin inji ba. Ni ce ke karatun injiniyan injuna a jami'a, saura kaɗan in gama aka rufe makarantar. Sai na kwance wa motar duk abin da zai sa ta motsa. Na cire sitata da batir da tayoyi, na cire tarbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, da bututansa, muka ɗora ta bisa bulo kamar gawar mota. Da muka rasa inda za mu ɓoye kayan, Gogo ta nuna hufra, ramin nan da matan gida ke zama a kai su sha hayaƙin turare. Ta ce ba ɗa namijin da zai sunkuya ya leƙa ramin mata. Muka naɗe ƙarafan cikin buhu, muka zura, muka rufe da tsohuwar tabarma. Tayoyin da batir ba su shiga ba, su kam an tafi da su.

A Kosti muka zauna, mu da wasu iyalai a ɗakin aji guda, labule ne tsakaninmu. Ban zauna ina kuka ba. Na riƙa bin gonaki da bakin kasuwa ina gyaran famfon ruwa da janareto. Maza su yi dariya idan sun gan ni da sifana, washegari su aiko a kira ni. Da muka dawo Umbadda mun tarar an cire ƙofofi, an zare wayoyin lantarki daga bango, ko fanka ɗaya ba a bari ba. Amma boksin na nan kan bulonsa, gilasai a fashe, kaji sun yi ƙwai a kan kujera. Da Yumma, mahaifiyata, ta yaye tabarmar hufra ta ga buhun yadda muka bar shi, sai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Na yi makonni ina mayar da kowane ƙarfe gurbinsa. Jajibirin arba'in da yamma injin ya tashi a karon farko, Baba ya yi ta zagaya motar yana shafa ta kamar doki. Shi ya sa da safiyar Juma'ar nan kowa ya shirya da wuri. Baba ya hura gawayi a tsakar gida yana gasa agashen da za mu kai, Yumma na ɗaure kwanuka, ni kuma na tayar da injin na bar shi ya ɗau zafi kafin mu kama hanya.

Ƙamshin na fara ji, wani zaƙi-zaƙi mai tsami da ba na nama ba. Na ɗaga murfin inji. A gefen tarbo, inda siririn bututun ruwan sanyaya inji ke shiga jikinsa, wani ɗigo na taruwa, ya kumbura, ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya ce cus. Wani ya biyo shi. Bakin bututun zobe ne, noti mai rami a ciki ke ratsa shi, ruwa ya bi ta ramin. Sama da ƙasan zoben akwai warda, wato 'yan faifayen jan ƙarfe guda biyu da ke toshe mahaɗar. Daga nan ruwan ke tsattsafowa. A tsakar gida ɗigo ne kawai, amma a kan gada, cikin cunkoso da zafin rana, ruwan zai ƙare injin ya dahu, mu tsaya da tsohuwa a tsakiyar kogi. Na kashe motar.

Gogo ta leƙo ta tagar da ba gilashi ta tambaya ko mun iso ne. Yumma ta yi dariya har ta zubar da murfin kwano.

A daidai nan Baffa Salahuddin ya shigo. Ƙanen Baba ne, ya daɗe yana tuƙa lori zuwa yamma, kuma tun da na shiga jami'a ba ya kira na da sunana, sai Bashmuhandisa, wato babbar injiniya da Larabci. Ya duƙa ya kalli ɗigon, ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya.

"Bashmuhandisa, wannan ne ya tsayar da ke? Yaya, ba ni yaji cokali biyu. A zuba a lagireto, ya bi ruwa ya toshe ramin da kansa. Da shi na je Al-Ubayyid na dawo."

Baba har ya miƙa hannu wajen gwangwanin yajinsa. Na ce a'a. Na gaya musu lorin Baffa ba shi da bututu siriri kamar tsinken tsire, wannan kuwa yana da shi, kuma yajin ba zai tambayi wane rami ake so ya toshe ba. Zai toshe hanyar ruwan tarbo, mu gyara ɗigo mu ƙona abin da muka ɓoye shekara da shekaru. Baffa ya ce to a ba shi sifana ya ƙara wa notin ƙarfi, hannun mace ne bai ɗaure ba. Ya ɗauki sifanar kuwa daga kan bulo. Na shiga tsakaninsa da injin na tsaya.

"Baffa, notin nan rami ne a cikinsa. In ka karya shi, yau Juma'a, ba inda za mu sami wani."

"Ni zan karya noti? Ina ɗaure noti tun ubanki bai yi gemu ba."

"Har yanzu bai yi ba," in ji Gogo daga cikin mota. "Ba ta sifanarta, Salahu. Ita ta kashe motar nan, ita za ta tashe ta."

Baba ya shafa haɓarsa da ba ta da komai, ya koma wajen namansa yana dariya. Baffa ya miƙo mini sifanar ta wajen kai, ya ja kujera ya zauna kusa, ya ce zai ga ikon Allah da ikon jami'a.

Sai da na jira injin ya huce, don ba a buɗe ruwa mai zafi. Jiran nan ya fi komai ci mini rai, ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Da ya yi sanyi na tara ruwan a bokiti, na kwance notin, na zaro wardar biyu. Na san laifinsu tun kafin in duba. Jan ƙarfe idan aka matse shi sau ɗaya yakan taurare, ba ya sake kwanciya ya cike mahaɗa. Sababbi ake sawa, ni kuwa na mayar da tsofaffin don na zaga kasuwar kayan mota ban sami girmansu ba, rabin shagunan ma ba su buɗe ba tukuna. Amma jan ƙarfe yana da wani hali: in ya sha wuta ya yi ja, laushinsa na dawowa.

Na je gaban wutar Baba na ce ya matsa mini da tsire. Ya ture naman gefe, na ajiye wardar a tsakiyar garwashi, ya ɗauki mafici yana yi musu fifita da irin natsuwar da yake yi wa naman babban baƙo. Ya tambaye ni ko a barbaɗa musu yaji. Baffa ya ce ai dai ƙarshe yajin za a koma. Suka yi duhu, suka yi shuɗi-shuɗi, can suka yi ja kamar garwashin kansa. Na ɗauke su da awartaki na jefa a kofin ruwa. Na goge baƙin da sanfara mai laushi, takardar yashin nan ta goge ƙarfe, na mayar, na ɗaure, na zuba ruwa, na tayar da inji.

Muka zagaye motar muna jira ta yi zafi. Na daɗe ba na ganin komai, har Baba ya fara cewa alhamdu lillahi. Sai ga ɗigon, ƙarami ƙwarai, yana taruwa a ƙasan zoben kamar zufa. Ya ragu, amma bai tsaya ba.

Aka kira sallar Juma'a, maza suka yi alwala. A bakin ƙofa Baba ya ce mini a hankali, in abin ya gagara ba laifi, zai nemi mai mota ko nawa ne. Ni da shi duk mun san a unguwarmu yanzu motocin da suka rage ba su kai yatsun hannu ba, kuma duk sun fita. Na ce masa ya je ya dawo, zai same ta a shirye. Ban san da me na dogara ba da na faɗi haka.

Gidan ya rage mu mata. Yumma ta kai wa Gogo ruwa da abinci a mota, ta roƙe ta ta sauko ta sha inuwa. Gogo ta ce uwarta da ƙafa ta taho daga Katsina, ita zaman kujera ba zai kashe ta ba. Na sake jiran inji ya huce, na sake tsiyaye ruwa. Wannan karon bututun gaba ɗaya na ciro, na fito da shi rana, na juya bakin zoben a cikin haske. Fuskar da warda ke kwanciya a kai ya kamata ta zama sumul. Abin da na gani kuwa zane ne birjik, sirara, sun ratsa daga ciki zuwa waje kamar an yi shara a kan yashi. Kowane zane hanyar ruwa ce. Na tabbata ba haka na sa shi a buhu ba.

Yumma ta zo wucewa da tire, ta leƙa ta kafaɗata, ta ce ai wannan ya fi ba ta wahala. Na tambaye ta wace wahala. Ta ce ranar da aka fito da buhun, ina can neman batir, ta ga ƙarafan duk sun yi baƙi suna warin hayaƙi, ta ce ba za a mayar wa mota kaya da dauɗa ba bayan Allah ya tsare su. Ita da maƙwabciyarmu suka zauna da toka da yashi da lemun tsami, suka dirje su ɗaya bayan ɗaya yadda ake dirje jabana, tukunyar gahawa, kafin salla.

"Ba ki ga yadda suke walƙiya ba, Mayada? Ko godiya ba ki yi ba."

Na gani mana. Na zaci bushewar ramin ce ta tsare su. Na dube ta, hannu a ƙugu tana jiran yabo, sai dariya ta ƙwace mini, na zauna a ƙasa da bututun a hannu ina yi har hawaye. Masu bindiga sun zo sun wuce ba su taɓa tarbon nan ba, tsaftar Yumma ce ta same shi. Da na bayyana mata, ta riƙe baki, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abin da wanki ya ɓata ba. Gogo ta ce a faɗa mata abin dariyar da Hausa, don mun zarce da Larabci ba mu sani ba. Da ta ji, ta yi ta bubbuga ƙullin dabinonta tana ƙyaƙyatawa.

Yanzu na san ciwon, saura magani. Ina bukatar abu mai shimfiɗa daidai, wanda ba tudu ba kwari, in goge fuskar zoben a kai. A gidan da aka kwashe komai, ba tebur ba gilashin taga. Yumma ta shiga ɗaki ta fito da madubinta, ɗan guntun da ta yi gudun hijira da shi a cikin jaka. Ta ce in ya fashe in nemi wata uwar. Na kwantar da shi a kan tabarma, na shimfiɗa sanfara a kai, na yayyafa ruwa, na dafa zoben da yatsu ina murzawa a hankali, ina zagayawa don kada gefe guda ya ci fiye da ɗaya. In ɗaga in duba, in mayar. Zanen suka riƙa dushewa, manyan suka fi taurin kai. Yatsuna suka yi sanyi suka daina ji, wuyana ya ƙage, zufa na ɗiga a kan madubin. Yumma ta tsuguna tana ƙara mini ruwa da cokali. Da fuska ɗaya ta yi sumul na juya ɗayar, sannan na goge ƙasan kan notin da mazaunin da ke jikin tarbo.

Wardar sun riga sun sha matsa sau ɗaya, don haka suka koma wuta. Wannan karon Yumma ce ta yi fifitar. Na jera su, ɗaya a ƙasan zobe ɗaya a sama, na fara ɗaura notin da yatsu don kada ya hau karkace. Sannan na sa sifana na ja har na ji jan ƙarfen ya ba da kai, wani ɗan laushi da hannu ke ji kafin ƙarfe ya tsaya. A nan na tsaya ni ma. Ruwan da ya zube na cike gurbinsa da wanda ke ɗiga a ƙarƙashin randa, don ya fi na famfo tsabta. Na bar bakin lagireto a buɗe, na matsa tiyo har kumfar iska ta gama fita, na rufe.

Maza suka dawo suka tarar da injin na aiki. Baffa bai tambayi kowa ba. Ya zaro farin hankicinsa, ya naɗe a yatsa, ya zura ƙarƙashin zoben, ya fito da shi ya duba. Ya ce in taka mai. Na taka har tarbon ya yi fito. Ya sake zurawa, ya ɗaga hankicin sama kowa ya gani, a bushe. Ya ninke shi ya mayar aljihu, ya ce wa Baba ai dama ya faɗa yarinyar nan jininsa ce, a wurinsa ta gado hannu. Yumma ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

La'asar ta yi kafin mu fita. Ni na tuƙa, Gogo a gefena, sauran a baya da kwanuka da tiren agashe. Gadar Shambat a karye take, sai muka zaga ta Hartum. Idona ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan allurar zafi. A shingen bincike na bakin gada soja ya leƙo ya ga mace a sitiyari da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tambaya ina direban. Gogo ta ce masa da Larabcinta mai kaurin Hausa, ga ta nan yana kallo, kuma in ya tsayar da mu rana ta faɗi, shi zai je ya ba jaririya haƙuri. Ya yi murmushi ya ɗaga hannu, Baba ya miƙa masa tsire biyu ta baya.

Muka ratsa tsakiyar birni, gine-gine baƙi ƙirin ba tagogi, amma ga masu shayi sun dawo ƙarƙashin bishiyoyi, ga wani yana fentin shagonsa shuɗi. Cunkoso ya riƙe mu a gada ta biyu, inda na fi jin tsoro. Rana ta sauko ta zauna a madubin gefe. Allurar ta hau tsakiya ta tsaya, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Na ji Baffa a baya yana ba wani direba labarin yadda muka gyara tarbo da wutar agashe.

Ba mu kai gidan Mawahib ba. A kan hanyar kogi muka hango su, ayarin mata cikin tob kala-kala suna tafe a ƙasa, surukar a gaba da jaririya a hannu. Sun gaji da jira. Na danna ham, Yumma ta miƙe tsaye a bayan boksi ta saki guɗa. Mawahib ta juyo, ta gane motar, ta taho da gudu tob na jan ƙasa, ta zura kai ta taga ta rungume Gogo tana kuka tana dariya. Surukar ta ƙaraso, ta gaida Gogo da girmamawa, ta ɗora mata Nuha a cinya ba tare da an ce mata komai ba. Duk wadda ta sami wuri ta haye baya, sauran suka biyo mu suna tafi.

Gangaren kogin ya fi ƙarfin gwiwar Gogo. Baba da Baffa suka aro kujerar roba wurin wata mai shayi, suka ɗauke ta a kai, tana yi musu faɗa kada su zubar da ita a gaban surukai. Suka sauke kujerar inda ruwa ke taɓa ƙafafunta. Rana ta yi ja, amma tana nan. Gogo ta kwance ƙullinta ta watsa dabino da gero, ta yi bismilla, ta kamfato ruwa da tafinta ta shafa a fuskar Nuha. Yarinyar ta ja numfashi, ta tsala ihun da ya sa masu kamun kifi waiwayowa.

"Madalla," in ji Gogo. "Wannan ba za a yi mata ƙwace tana shiru ba."

Ta sake kamfato wani ruwan ta shafa wa Mawahib, sannan ta ce wa matan su matso a fara waƙa, ita ba ta zo nan don ta tashi da wuri ba.